Ƙwaryar Ƙarfen da Na Ƙera a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta Runjin Sambo bayan la'asar, wannan ya ce in ba shi labarin burodin Faransawa, wancan ya ce in nuna masa tabon hannuna. Abokina Malam Sani ma yawo yake da ni a gari wai na koma maƙeri. Na gaji da bayar da labarin gutsi-gutsi kowa yana ƙara masa gishiri. Ga shi nan na rubuta tun daga fita har dawowa, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan furata.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Kun san shekara tara ke nan ina koyar da kimiyya a makarantar horon malamai. Da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta aiko mana da manyan akwatuna na kayan gwaje-gwaje daga Turai, aka jera su a sito aka garƙame. Makullin yana aljihun Firinsifal ɗinmu, Alhaji Ladan. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, kuma ban ga laifinsa ba. Kullum sai ka buɗe rediyo ka ji sunayen ma'aikatan da soja suka sallama, wani a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa shekara biyu ta rage masa ya ajiye aiki, ya rantse masu bincike za su tarar da kayan gwamnati yadda aka kawo su. Ni kuma ɗalibaina na ajin ƙarshe 'yan watanni suka rage a watsa su ƙauyuka su riƙe sababbin firamare, babu wanda ya taɓa riƙe ko da gilashin ƙara girman rubutu. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana nan sai takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi, wai akwai kwas na mako biyu a Yamai kan koyar da kimiyya da aikin hannu, ana son malami ɗaya. Na kai wa Alhaji Ladan. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Tahi. In ka dawo da takarda mai hatimi wadda tac ce ka iya, in ba ka makulli. In babu takarda, kak ka ƙara yi mani zancen sito."

Abin da ban gaya masa ba shi ne ni ma ban taɓa taɓa irin kayan nan ba. Gidanmu na malamai ne, nan kusa da Hubbare. Ko ƙusa ce ta fita a ƙofa, aikawa ake yi a kira mai aikin. Zan iya zana maka yadda madubi mai lanƙwasa ke tara haske idona a rufe, amma a allo kawai.

Muka tashi daga tasha da sassafe a wata ƙaramar bas. Kafin Gwadabawa sojoji suka tsayar da mu sau biyu. A na biyun wani kofur ya sa na buɗe akwatina, ya tarar da kwalin alli, ya karya ɗaya ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar. Dariya ta taso mini, na dubi abin da ke kafaɗarsa na haɗiye ta. A kujerar bayana akwai wata 'yar kasuwa, Hajiya Kulu, mai kai atamfa Ƙonni da Doso, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ta leƙo ta ce, "Malam, ɗibar mashi shi kai ma ɗiyanai, mu samu mu wuce." Na ɗibar masa, ya sara mini, muka wuce.

A Illela namu suka buga hatimi ba wata magana. Daga nan zuwa Ƙonni ba tafiya ba ce, gonakin gero iri ɗaya, mutane iri ɗaya, amma kana sauka sai ka ji ka zama baƙo. Jandarman da ke bakin iyaka ya karɓi takardata ta Ingilishi, ya juya ta gaba da baya, ya hau ni da Faransanci kamar ana zazzage tsakuwa a kwano. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ya nuna mini gefe, na tsaya a rana har inuwata ta gajarce. Da Hajiya Kulu ta gama da masu duba kaya ta gan ni, sai ta nufi jandarman gadan-gadan, ta kira shi da Mushe, wato yallaɓai a Faransancinsu.

"Kai Mushe, ka san ko wa kat tsaida cikin rana? Ɗan malaman Hubbare na."

Tabɗi! Mutumin nan ashe Hausa fal a bakinsa, irin tamu sak. Ya cire hula, ya jawo mini benci, ya aika aka kawo ruwan randa. Ya ce matarsa ta kusa haihuwa, in taimaka da addu'a. Na ɗaga hannu na yi, ya shafa, ya buga hatimi har wuri biyu. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin, har tafiyata ta sauya.

A Ƙonni muka shiga babbar mota. A Dogon Dutsi muka sha fura mai kauri da nono wanda ban sha irinsa a Sakkwato ba, ku yi haƙuri. Mun ɗan wuce garin ke nan mota ta fara hayaƙi, direba ya gangara gefe. Bel ɗin fanka ne ya tsinke. Wani fasinja ya ɗaga murya, "Ai muna da malamin kimiyya cikin mota!" Babu yadda zan yi, na sauka na gyara riga, na tsaya gaban injin na shiga bayanin yadda iska ke sanyaya ruwa, ruwa ya sanyaya ƙarfe. Direban ya saurare ni cikin ladabi har na kai aya, sannan ya ce, "To Malam, riƙe mani nan." Na kai hannu inda ba nan ya nuna ba, na taɓa ƙarfe mai zafi, na yi tsalle har hulata ta faɗi. Direban ya yanki igiya daga ɗaurin kayan Hajiya, ya murɗe ta riɓi uku, ya ɗaura, ya tayar da mota.

"Malam ya yi karatu, direba ya yi aiki," in ji Hajiya Kulu. "Allah shi saka ma kowa."

Mota ta ɗauki dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Igiyar ta kai mu Doso da magariba. Muka kwana a zauren mai masaukin Hajiya, wani dattijo Bazabarme wanda bai jin Hausa sosai, sai dai ya yi ta cewa "fofo, fofo" yana turo mini kwanon tuwo. Da safe muka yi sallama da Hajiya. Ta ba ni goro biyu, ta ce kada in ci abin da ban san sunansa ba.

Da hantsi na isa Yamai. An sauke mu a makarantar kwana da ke hutu, kusa da kogi, gadajen ƙarfe a jere. Sauron wurin kam ba a magana, namu na bakin gulbi almajiransa ne a wajen cizo. Karin kumallo burodi ne dogo kamar sanda, ranar farko ya yanke mini dasashi, sai da na ga ana tsoma shi a kofi da madara, shi ma a kwano ake sha. Da rana shinkafa ce da kwaɗon zogale mai barkono. Rana na takewa kuwa gari ya mutu, ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya miƙe ƙafa sai wajen la'asar. Na ce a raina da Alhaji Ladan zai ga malamai suna barci da rana tsaka da sai ya suma. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne gaisuwarsu. Mu nan ƙarami ke zuwa ya rusuna. Su can babban ne ke bi kowace safiya yana miƙa wa kowa hannu ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi da mai shara.

Babban namu shi ne Mushe Idi, mutumin Tawa, siriri mai furfura, yatsunsa duk tabo. Malamin boko ma Mushe suke kiransa. Babu aji, babu allo. Rumfa ce doguwa da tebura, a kan kowanne guduma da almakashin ƙarfe da filaya. Mu wajen ashirin ne, kuma kowane malami an haɗa shi da mai sana'a daga kasuwa. Mushe Idi ya yi bayani da Faransanci, ya juyo ya maimaita mana da Hausa. Kowa zai ƙera abu mai siffar babbar ƙwarya, ya shimfiɗe cikinta da fallayen garwa da aka goge suka yi ƙyalli, ta tara hasken rana wuri ɗaya har ya tafasa ruwa a butar shayi. Wanda butarsa ta tafasa, shi ke da takardar da ta ce ya iya. Doka ɗaya ce: mai sana'a ya nuna sau ɗaya, daga nan nasa baki, aikin na malam.

Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijon maƙeri ne, Baba Altine. Muna gaisawa ya ji harshena ya tsaya.

"Daga Sakkwato? Wane gida?"

Na faɗa. Sai mutumin nan ya zube ƙasa, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah shi gafarta Malam! Kakana shi ka yi ma kakanka wuƙar fiƙe alƙalami. Ubana yat taso da mu nan tun ina goye."

Na ɗaga shi, muka zauna, ya yi ta tambayar unguwanni da mutanen da suka daɗe a ƙasa. Da aka ce a fara, na kai hannu zan ɗauki guduma, ya riga ni.

"Subhanallahi! Ina raye? Hannun da ka rubuta sunan Allah shi ɗauki masaba gabana? Mi za ni ce ma kakana in mun gamu?"

Na ce doka ce. Ya ce dokar Mushe daban, tarbiyya daban. Teburinmu kuwa shi ne na ƙarshe, bayan wata bishiyar mangwaro. Ya shimfiɗa mini buzunsa a inuwa. In ya hango Mushe Idi tafe sai ya miƙo mini tsumma da toka, in yi ta goge falle har ya wuce. Na san ba daidai ba ne. Amma na tuna injin motar nan da dariyar fasinjoji, na tuna makulli, na ce ai takarda dai ake so. Kwana takwas ina kan buzu ina ba shi lissafin faɗi da zurfi, shi yana ƙira. Wallahi abin da ya fito ya fi na kowa kyau, sai ka rantse daga kanti aka sayo shi.

Rana ta tara da safe Mushe Idi ya biyo layi yana gaisawa kamar kullum. Da ya zo kaina ya kama hannuna bai saki ba. Ya juya tafin, ya shafa da babban yatsansa.

"Malam, kwana tara ke nan ina kama hannun ga. Na kowa ya yi kanta, wasu sun fashe. Naka har yau kamar auduga."

Bai ɗaga murya ba, amma kowa a rumfar ya ji. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Baba Altine ya fara rantsuwa wai laifinsa ne. Mushe Idi ya ce ya sani, shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ke tsakanin gidan malamai da maƙera, kuma ba ya raina shi. Ya sa aka ɗauke kyakkyawar ƙwaryar aka jingine ta a bango. Ya ce, "Ɗaliban naka in sun tahi ƙauye, wa za ya ɗaukar masu guduma? Kwana huɗu sunka rage. Ga ƙarfe can."

Da ya tafi na zauna gaban Baba Altine. Na ce, "Baba, in kana ganin girman kakana, ka taimake ni ka bar ni. Ɗiyan mutane arba'in na jirana, ban da abin ba su sai zane." Sai ya hau kan buzun da nake zama, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, ya ce, "To bisimilla. Riƙe ta daga ƙasa, ba a wuya ba."

Kwana huɗun nan ban taɓa shan wuya irin tasu ba. Bugun farko na sami babban yatsana. Falle ya yanke ni wuri uku. Duk bugun da na yi a karkace sai in ji Baba Altine ya yi nishi kamar shi na buga, wani lokaci hannunsa ya kuɓuce ya taso, ya mayar da shi da kansa. Da sauran ke barcin rana ni ina rumfa, shi ma ya ƙi tafiya. A rana ta biyu ya daina cewa Allah shi gafarta Malam. Sai dai in ji, "Kai, ba haka ba! Kana da ido kuwa?" Ya ankara ya kama baki, na ce ya ci gaba, haka na fi ganewa.

Ƙwaryata ta fito kamar wadda jaki ya taka. Littafi ya ce haske wuri ɗaya zai taru, har na auna na sa alama. Da muka fitar da ita rana, na riƙa yawo da takarda a samanta ina neman wurin, sai na ga haske ya rabu gida uku. Na ajiye takardar na sa bayan hannuna ina lalube. A wuri na biyu na ji kamar an ɗora mini garwashi, tabon da kuke tambaya ke nan. Na yi ƙara, amma wallahi daɗi ne ya kama ni. Shekara tara ina faɗa wa yara haske na taruwa ya yi zafi, ashe ni kaina ban taɓa gaskatawa ba sai ranar. Na koma ina lanƙwasa fallayen ɗaya bayan ɗaya, har gida uku suka koma biyu.

Ranar ƙarshe aka jera ƙoren a fili da rana tsaka. Butoci suka fara tururi nan da can, ana tafi. Tawa ta yi zafi, 'yan ƙananan kumfa suka taru a gindinta, suka tsaya nan. Muka jira har rana ta karkata. Mushe Idi ya tsoma yatsa ya ce, "Ya yi na alwala lokacin sanyi." Da yamma ya ba ni takarda mai hatimi kamar ta kowa, amma ya karanta mini abin da ya rubuta da Faransanci: na halarta, na ƙera abu da hannuna cikin kwana huɗu, ruwan ya yi zafi bai tafasa ba, ina bukatar ƙarin aiki. Baba Altine ya raka ni tasha ɗauke da ƙwaryar a ka. Wannan kam na bar shi ya ɗauka. Ya ba ni tsohuwar gudumarsa, ya ce in gai da Hubbare.

Dawowa ba wani labari, sai dai a kowane shinge sai na sauko da ƙwaryar na yi bayani, wani soja ma ya ce ko na'urar leƙen asiri ce. Washegarin isowata na shiga ofishin Alhaji Ladan na miƙa takarda. Ba ya jin Faransanci, a makarantar ma babu mai ji. Ya ga hatimi, ya ga sa hannu, ya ciro makulli ya ajiye a kan tebur.

"Mi tac ce?"

Makullin yana nan gabana, in na miƙa hannu na ɗauka shi ke nan. Amma na faɗa masa abin da ta ce, ban rage komai ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke naɗe da tsumma, ya mayar da makullin aljihu. Ya ce alkawari alkawari ne, na ce haka ne.

Na fita raina a jagule. Amma ranar Asabar na bi maƙera na aro guduma huɗu, na sayo tsofaffin garewani, na raba ajin gida huɗu a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bayan ofis. Na ajiye tawa a tsakiya na ce, "Wannan ni na yi ta, kuma ba ta aiki. Ku gano mini dalili." Suka yi ta kallon juna, don ba su taɓa jin malami ya faɗi haka ba. Mako uku muna ƙwanƙwasa, Alhaji Ladan yana rufe taga saboda ƙara. Rukuni ɗaya suka ce falle ba ya ƙyalli sosai, suka tsinto gutsattsarin madubi daga wurin masu gyaran taga suka manna da ƙaro. Ranar wata Laraba butarsu ta tafasa har murfi na rawa. Ihun da suka yi ya fito da Firinsifal ba hula. Aka zuba masa shayi, ya sha a tsaye, ya koma.

Da safe na tarar da shi a ƙofar sito, ajin duka a bayansa. Da hannunsa ya buɗe. Ya juyo ya dube mu ya ce, "Ku hiddo su. Abin duk da yah hwashe, in masu bincike sun zo, ku ce ni nih hwasa shi."

Kafin azahar gilasai biyu sun fashe, ɗaya a hannuna. Na tattara gutsattsarin nawa a takarda na kai masa ofis, na ce wannan kada ya ɗauka, ni zan amsa shi.